Ƙarfe Goma a Bakin Mkanda

Lamu, huɗu ga wata, Afrilu a lissafinku

Zuwa ga angona Lali,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya karatu, yaya sanyin Ingila? Hoton da ka aiko ya iso, na ga wuyanka ya yi tsawo kamar na zalɓe. Idan haka za ka dawo mini, zan sake tunani a kan auren nan namu, don Nahoda Obo, tsohon matuƙin jirgin ruwan nan, har yanzu yana da haƙora huɗu masu kyau.

Ka ce za ka zo hutun bazara a watan Yuli, kana so a fito da ɗan jirgin kakanka mu tafi tsibirin Kiwayu, kamar yadda muka yi kana ɗan shekara bakwai. Na yi dariya har maƙwabciyata Mwanaate ta leƙo ta katanga. Bazarar Turawa ka kwaso mana, ɗan nan. A Yuli kusi ke kaɗawa, iskar kudu mai ruwa da fushi. Kakanka Kombo, Allah ya jiƙansa, bai taɓa fitar da mu yawo ba sai da kaskazi, iskar arewa, lokacin da teku ke kwance kamar tabarma. Duk da haka na je na tambayi Obo. Ya ce idan muka bi ta bayan tsibirai, kusi za ta tura mu arewa cikin kwana biyu, dawowar ce aiki, wannan kuma ciwon kansa ne. Har ya fara cusa auduga a haƙarƙarin jirgin yana shafa man kifi, duk unguwar tana wari, kuliyoyin gari sun tare a wurinsa.

Na ga jerin kayan da ka rubuto. Rigunan ceton nan masu ruwan lemo ka kawo su, ubanka zai ji daɗi. Taswira da kamfas ma kawo, ka samu abin riƙewa kada hannunka ya zauna banza. Abincin gwangwani kuwa ka bar wa masu shi. Shinkafa da kwakwa da gahawa ni zan ɗauka, kifi yana can yana jiranmu.

Ko kana tuna wancan zuwan? Ka yi amai a hular kakanka, ya wanke ta a teku ya mayar kansa da jiƙonta. Ka tambaye shi sunan jirgin, ya ce Sikujua, wato ban sani ba. Ka sake tambaya, ya sake cewa ban sani ba, ka fashe da kuka wai yana yi maka rowar suna. Haka ya yi ta yi wa baƙi shekara talatin, kuma ko sau ɗaya abin bai daina ba shi dariya ba. Ni ina gaba a zaune ina kankare kwakwa, shi yana baya riƙe da sandar tuƙi, zanen jirgin ya cika da iska har igiya tana kuka. Da muka isa, na hau da kai tudun yashin da ke bayan ƙauyenmu, inda mutum ke ganin teku biyu lokaci ɗaya, ta waje shuɗiya mai kumfa, ta ciki koriya kamar kwalba. A ƙarƙashin tudun nan aka haife ni. Shekara sha biyar ke nan rabona da shi.

Yanzu ka matso in gaya maka abin da ubanka bai sani ba. Likitan ido ya zo garin nan bayan azumi, Mwanaate ta raka ni. Ya ce abin da ke idona ba yanar da ake cirewa ba ce, jijiyar ce ke mutuwa a hankali. Duniya tana matse mini kamar ina leƙe ta cikin gora, abin da ke nesa kuma dishi-dishi. Na tambaye shi ko zan kai kaskazi mai zuwa da gani, sai ya hau gyara gilashinsa. To ka ji dalilin da ya sa ba zan jira iska mai kyau ba. Ina so in hau tudun nan in ga teku biyun da idona, bana. Jirgin gadon ubanka ne, Obo ba zai kwance igiya ba sai da yardarsa. Idan shi uban naka Bwanaheri ya ji zancen idon nan, gobe zai kwashe ni zuwa gidansa a Mombasa, hawa na uku, inda ko kukan jaki ba a ji. Ka riƙe bakinka.

Ga yadda za mu yi. Mu tashi ran sha shida ga watan sama, lokacin babban ruwa. Mu shiga mashigin Mkanda da ƙarfe goma daidai, don a lokacin ne yake cike har wuyan itatuwa. Mu kwana a gefen tsibirin Pate, washegari mu miƙe.

Ka gaishe da malamanka. Matan can kuwa ba na gaishe su.

Taka har kullum,
Bibi Somoe

Lamu, sha biyu ga wata, Mayu

Zuwa ga Lali,

Ina gaishe ka, ina fatan jarrabawa tana tafiya daidai kuma kana cin abinci. Mu lafiya lau, ruwan sama ya sauka, lunguna duk sun zama rafi. Yau ban kira ka ango ba, ka sani da gangan ne.

Takardarka ta zo, har da shafin da ka kwafo daga littafin lokutan ruwa na ɗakin karatunku. Ka ce ka duba ka sake dubawa, ran sha shida ga wata da ƙarfe goma ruwa yana can ƙasa ƙarshen janyewarsa, Mkanda laka ce zalla, ko agwagwa sai ta taka da ƙafa. Ka ce wataƙila na manta, shekaru sun yi nisa, ba laifi ba ne. Da a nan ka tsaya da na haɗiye. Sai ka ɗauki waya ka gaya wa ubanka wai Bibi tana so a shigar da jirgi Mkanda a busasshen ruwa.

Ya kira wayar gidan Mwanaate aka zo aka tafi da ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Muryar nan ya yi mini, wadda ake yi wa mai zazzaɓi. Ya tambaye ni ko ina shan maganina, ko na san yau wace rana ce. Na ce masa ranar da na haife shi ma na sani, Talata ce, kuma tun a ranar yake da naci. Ya ce maganar Kiwayu a ajiye ta, ya riga ya aika wa Obo ya daina wahalar da kansa.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya zauna mini a ƙirji. Sau nawa na ratsa mashigin nan? Ina amarya na ratsa shi, ina goye da ubanka na ratsa shi, na ratsa shi da gawar mahaifiyar Kombo a shimfiɗe tsakiyar jirgi. Har yanzu ina jin muryar kakanka yana cewa a yi sauri goma ta kusa, ina jin ganyen itatuwa yana shafar gefen jirgi. Amma littafi littafi ne, ni kuma aji huɗu na yi. Jiya ina tankaɗe na tsaya da rariya a hannu, na ce to ko dai kan ma ya bi idon? Idan abin da nake tunawa ba haka yake ba, tudun ma wa ya sani ko yana da teku biyu? Na kasa zuwa wurin Obo in tambaya, don ina tsoron abin da zai ce.

Ubanka zai zo ranar Juma'a, Asabar ce sha shida ga wata, ruwanta ɗaya da na ranar tafiyarmu. Na ce masa ba na son gardama, ya kai ni bakin ruwa da ƙarfe goma mu gani tare. Idan laka ce, zan naɗe tabarmata in bi shi Mombasa ba tare da ya roƙe ni ba.

Na gode da ba ka faɗi zancen ido ba. Wannan kaɗai ya hana ni neman takardar sakina.

Kakarka,
Somoe binti Famau

Lamu, sha takwas ga wata

Zuwa ga angona, mijina, ɗalibin Ingila mai littafi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kana zaune, don abin da zan gaya maka ba a jinsa a tsaye.

Ranar Asabar da hantsi ina daka kayan miya, sai ga ubanka ya fito da takalmi da lema, yana duba agogon hannunsa, ya ce in tashi lokaci ya yi. Na ce lokacin me? Ya ce ƙarfe goma mana. Na ɗaga kai na dubi rana, ko kan rufin Mwanaate ba ta gama hawa ba.

"Bwanaheri," na ce, "yanzu fa ƙarfe huɗu ne."

Ya dubi agogo, ya dube ni, sai ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da lema, kafaɗunsa suna rawa. Shekara da shekaru ban ji dariyar yaron nan irin ta ranar ba.

Lali, shekara uku kacal a waje har ka manta yadda ake ƙirga lokaci a gidanku? Mu nan rana ta fito ta yi awa ɗaya, ƙarfe ɗaya ke nan, kamar yadda duk mai hankali zai ƙirga. Su mutanen littafinka tun ana barci suke fara lissafi, shi ya sa suke gabanmu da awa shida, kuma ban ga abin da suka tsinta a gaban ba. Goman da na rubuta maka goman la'asar ce, wadda agogonka ke kira huɗu. Awa shida kuwa ita ce daidai tsakanin cikar ruwa da janyewarsa. Littafinka bai yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba, jakin yana tsakiya. Ubanka ya ce shi ba ka faɗa masa awa ba, busasshen ruwa kawai ka ce, da ya ji goma daga bakina kuma sai kansa na ofis ya fassara. Na ce to jakunan biyu ne.

Bayan sallar la'asar muka sauka bakin ruwa. Tun daga lungu nake jin teku tana marin katanga. Ta cika maƙil, har tana tofa wa masu wucewa. Na tsaya na ja iskar nan, sai ga Kombo a raina da ɗaurin zanensa, yana yi mini tsiya wai kayan girkina sun fi angar jirgi nauyi. Daɗi ya ɗebe ni. Obo ya riga ya gaya mini tun makon jiya cewa bai bi umarnin ubanka ba, ya ƙarasa aikin ya sauke jirgin a ruwa kusa da matakala. Na hango farin abu yana lilo, na nuna shi, na hau yabo. Na ce wa ubanka ya dubi Sikujua, ya dubi ƙirjinta, ya dubi yadda take zaune a ruwa kamar amarya, a duk Lamu babu mai kyan Sikujua.

Sai ya kama hannuna a hankali ya juya ni dama.

"Mama, wancan kwale-kwalen inji ne na masu ɗaukar yashi. Ga ta nan a gabanki."

Taku biyar ne tsakanina da ita, Lali. Ban gan ta ba.

A kan matakalar nan na gaya masa komai, da likitan, da gorar da nake leƙe ta ciki. Ya tambayi tun yaushe, na faɗa. Ya tambayi wa ya sani, na ce kai da Mwanaate. Muka dawo gida yana riƙe da gwiwar hannuna. Na shiga ɗaki na fara ware zannuwan da zan tafi da su Mombasa, don na san an gama.

Jiya da safe na nemi shi na rasa. Mwanaate ce ta zo ta ce in je in ga abin mamaki. Na same shi cikin jirgin, ya naɗe wandon ofis har gwiwa, shi da Obo suna gardama a kan wata igiya. Mutumin da rabonsa da taka jirgin nan tun ranar da aka binne ubansa. Da ya gan ni bai sauko ba, daga can ya yi magana.

"Idan gani za ki yi, bana za ki yi shi. Ni zan riƙe sandar Baba. In mun dawo kuma, Mombasa."

Na ce masa na yarda. Ban yi ciniki ba, ka san kuwa ba halina ba ne.

To ga yadda aka tsaya. Mu huɗu ne, sha shida ga watan da zai kama a Yuli, ƙarfe goma irin ta mutane. Obo ya ce a ba ka aikin kwashe ruwa daga cikin jirgi, don shi ne aikin da ba ya bukatar agogo.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka sauka ana gobe tafiya. Ka zo da kwana uku ko huɗu a hannu, ka zauna kusa da ni a tsakar gida inda haske yake. Ina so in kalli fuskar nan taka a natse, in haddace ta, kafin teku ta ɗauke mini hankali.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka ta fari,
Bibi Somoe