Na Ɗaga Hannu a Ɗauke Fastonmu

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina gajiya, ya ciwon ƙafarki? Ya maigida da yara, ya sanyin Jos? Mu nan garin Isa da sauƙi.

Kin san ni ikilisiya ta zaɓa in wakilce ta a kwamitin dayosis, mai kula da majami'un yankinmu. Makon jiya muka zauna a Sakkwato kan batun Fasto Iliya, wanda yake bin hanyar Sabon Birni kowace Lahadi don gidajen Kirista huɗun da suka rage mana nan. Sau biyu ke nan 'yan bindiga suna tare motar da yake ciki.

Limamai suka yi ƙuri'arsu daban, mu wakilan jama'a daban. Shi da bakinsa ya roƙa a bar shi. Ni kuwa matarsa na tuna, yadda take tsayuwa bakin tasha har la'asar. Na ɗaga hannu a mai da shi birnin Sakkwato, kuma da hannuna aka samu rinjaye.

Da muka fito ya ce, "Saratu, wa za ya yi maku jana'iza?" Shi ya binne Baba, shi ya yi wa ɗiyata Ladi baftisma.

Ran Lahadi za ni buɗe majami'a in karanta Zabura da kaina. Dattawa ba su gaishe ni ba tukuna.

Ki gaida Inna Talatu. Ki sa ni a addu'a, don ko gobe aka sake tambaya, hannun nan za ni ɗagawa.

Ƙanwarki,
Saratu