Kaskon Hajiya a Bakin Hita

Daren Laraba, Janairu, Woodbridge

Yau mai gyaran hitar ɗumama gida ya zaro matatar iska baƙa ƙirin, ya tambaya ko muna shan taba. Turaren wutar surukata ne. Tun da Hajiya ta gano ramin hitar da ke zuƙar iska, a bakinsa take ajiye kaskonta don ƙamshi ya zaga gida, har ɗakin 'yata Amira mai asma. Sanyi ya hana buɗe taga. Mijina kuwa, ɗanta, ya ce ni zan faɗa mata ta daina.

Na shiga ɗakinta, na tarar ta zuba wa ƙanƙara ido ta taga.

Ta ce, "Maman Amira, in na kunna, sai in ji kamar ina Kano."

Na ce, "Haka ne, Hajiya."

Ga Amira can tana tari.