Wa Ya Kai wa Baudelio Launina?

Litinin, 3 ga Maris

A kife nake wannan rubutu, zama ya gagara. Da safe ina cikin jirgi a lunguna na kamun kifi da baƙona, wani dattijo daga Texas mai suna Mista Orville, sai na hango jirgin kompadre Baudelio, aminina kuma abokin sana'a, ya nufo mu. Na yi wuf na tsinke zare, na cusa ƙugiyar a aljihun baya don kada ya ga launin kan dalmar da ke manne da ita. Na yi masa murmushi. Na zauna.

Shekara talatin ina kai mutane kamun kifin lobina a dam ɗin nan, yau na kama kaina da kaina. Mista Orville ya yi dariya har hularsa ta faɗa ruwa. Ya ce in aka ɗora ni a sikeli, ni ne na ɗaya a wannan makon.

A asibiti nas ta tsaga wandon. Na roƙe ta ta naɗe ƙugiyar a auduga kafin wani ya gani. Ta ce, "Don Chencho, ɗuwawunka a fili, amma launi ne ya dame ka?"

Ba ciwon ne ya hana ni sukuni ba. Lokacin da Baudelio ya matso zai taimaka, na ga abin da ke reto a sandarsa ta kamun kifi. Kan dalma ruwan ƙasa, cikinsa shunayya, ɗigon ja guda a maƙogwaro. Nawa ne sak.

Talata, 4 ga Maris

Bari in jera abin a takarda, ko da yake a aji huɗu na yi sallama da makaranta. A masaukin baƙi akwai allo. Duk Asabar manaja yana rubuta nauyin babbar lobinar kowane ɗan rakiya, kuma na saman allo shi ake ba baƙin da suke dawowa kowace shekara. Shekara shida ba na sauka daga na ɗaya ko na biyu, kuma launin nan ne dalili.

Mutum uku suka san shi. Ni. Herminia matata, wadda ba ta bambance kan dalma da maɓallin riga. Sai Nereida, 'yata, da take zuba dalmar ta shafa fentin a ɗakin baya.

Nereida kuwa, wa yake zuwa wajenta zance tun Kirsimeti? Efrain, ɗan Baudelio.

Ban ce komai ba. Jerawa kawai na yi.

Laraba, 5 ga Maris

An shafa mana tokar shiga azumi a coci. Na tsaya daga baya saboda benci katako ne. Ina kallon ƙeyar mutane ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 8 ga Maris

Baudelio kilo huɗu da ɗari takwas. Ni kilo uku da 'yan kai. A gaban allo ya dafa kafaɗata ya ce, "Kompadre, a kawo maka matashi ne? Ko a tsaye za ka karanta?" Kowa ya fashe da dariya. Ni ma na yi, har da haƙora.

Shi ya riƙe Nereida ranar baftisma, ni na riƙe masa akwatin gawar uwarsa ranar jana'iza. Amma mutum mai dariya da yawa haka, akwai abin da ya sani.

Lahadi, 9 ga Maris

Efrain ya zo da yamma da gwangwanin zuma wai na Herminia. Kujera biyar a tsakar gida, amma sai ya zaɓi wadda ta fuskanci ɗakin baya. Na ce masa rana tana dukansa a nan. Ya ce, "Ba komai, Don Chencho." Ba komai!

Da ya tafi Herminia ta ce, "Tsoho, yarinyar yake kallo, ba dalmarka ba." Na ce mutum yana da ido biyu.

Talata, 11 ga Maris

Na yi wata dabara, har na yi mamakin kaina. Na shiga ɗakin baya na rufe ƙofa, na ce wa Nereida cikin raɗa na gano sabon sirri: ruwan hoda. Kai ruwan hoda tas, irin na rigar 'yar tsana. Babu ɗan rakiya mai hankali da zai ɗaura wannan. In na gan shi a sandar Baudelio, na san ƙofar da ya bi.

Ta dube ni ta ce, "Baba, ƙugiyar nan a ina ta shige ka, a baya ko a ka?" Amma ta yi min guda ashirin. Har da ido ta zana musu. Hannunta ba ya rawa, fenti ba ya toshe mata ramin zare. Na tsaya ina kallo, na ji wani iri, sai na fita.

Alhamis, 13 ga Maris

Dole na yi amfani da su, don Nereida tana ƙirga abin da ya rage a akwati, tana duba tabon haƙorin kifi. Babu baƙo yau, na tafi lunguna ni kaɗai, na yi ta jifa a kan itatuwan tsohon ƙauyen da ruwa ya cinye. Bakwai suka maƙale a ƙasa, na tsinke. Kifi biyu suka ɗauka. Wawayen kifi, ba a rasa su.

Ruwa yana ta ja baya. Masu masara da tumatir suna zuƙa, sama kuma ko ɗigo tun Satumba.

Laraba, 19 ga Maris

Shiru. Ko ba ita ba ce. Na ci tortiya tara, wainar masararmu, don murna.

Juma'a, 28 ga Maris

Ruwan hoda a sandar Baudelio. Da ido.

Lahadi, 30 ga Maris

Na faɗa. A kan tebur, Efrain yana zaune da cokali a hannu, ƙanwar Herminia da mijinta suna nan. Na yi niyyar farawa da wasa, kuma da wasan na fara. Na ce wasu 'ya'yan ana kai su gidan miji da tukwane, tawa kuwa ta riga ta kwashe abincin ubanta ta tura gaba. Ba wanda ya yi dariya. Sai na ci gaba, ban san dalili ba. Na ce tarko na ɗana da ruwan hodan, kuma ya kama.

Nereida ta ce, "Wato kwana biyu da na yi ina shaƙar hayaƙin dalma, gwada ni kake yi?"

Na ce e.

Efrain ya miƙe zai yi magana, ta ce masa ya zauna ya gama miyarsa. Ta tashi, ta shiga ɗakin baya. Mun ji tana wanke burushi. Ta fito ta ajiye makulli kusa da farantina ta ce, "Ga shagonka, Baba." Ko murya ba ta ɗaga ba. Da ta yi ihu da na fi jin daɗi.

Litinin, 31 ga Maris

Mai gaskiya ba ya yin shiru haka. Ko kuwa shi ne yake yi? Ban sani ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na yi fenti da kaina. Ruwan ƙasan ya fito kamar abin da ba zan rubuta ba, shunayyan ya malale har kan ƙugiya, na ƙone babban yatsa. Sai a lokacin na tuna ban san yadda ake haɗa shi ba. Nereida ce ta haɗa tun farko, tana 'yar shekara sha bakwai, wai ta ga launin a jikin ƙaguwar da ta ciro daga cikin kifi. Ni dai na gwada, ya yi aiki. Gwadawa ma ai aiki ne.

Mista Orville ya koma gida. Sabon baƙona ya juya ɗaya a tafin hannu ya tambaya ko jikana ne ya yi.

Asabar, 5 ga Afrilu

Baudelio na ɗaya, da ruwan hoda, kilo biyar cif. Launin da na ƙirƙira don ƙarya. Ni na shida. Bai yi min ba'a ba, bai ma dube ni ba. Wannan ya fi ba'ar ciwo.

A gida Nereida tana gaishe ni, tana kawo min kofi. "Ina kwana, Baba." "Ga shi, Baba." Kamar ma'aikaciyar banki.

Talata, 8 ga Afrilu

Wannan zan rubuta a hankali.

Baƙon ya kwana da ciwon ciki, sai na fita ni kaɗai da hantsi. Rabona da lunguna kwana goma sha, don ina kai baƙi can gefen dutse. Da na sha kwana ban gane wurin ba. Ruwa ya sauka ya fi tsayin mutum, itatuwan tsohon ƙauye sun fito tsirara. Ga Baudelio a tsaye cikin jirginsa da doguwar gora mai lanƙwasa a baki, yana tsinko wani abu daga rassa kamar mai tsinkar mangwaro.

Na matsa. Kowane reshe da abin da ke reto. Ruwan ƙasa da shunayya, na bara, na bariya, wasu sun yi tsatsa, wasu kamar jiya aka yi su. A can sama ruwan hoda guda biyu suna kallona da idanunsu.

Na ce, "Me kake yi, kompadre?"

Ya ce, "Girbi. Wani mutumin kirki ya shekara shida yana yi min shuka."

Ya nuna min bokiti, ya kusa rabi. Ya ce tun watan Fabrairu da kan itatuwan ya fara leƙowa yake zuwa, kowa ma yana yi a nasa gefen, ni kaɗai ne girman kai bai bar ni in ɗaga ido sama ba. "A duk dam ɗin nan babu mai ciyar da itace kamarka, Chencho. In da itace yana hawa sikeli, da ba wanda ya kamo ka."

Na ce to amma ruwan hodan, ya aka yi ya san yana kamu?

Ya ce, "Wa ya ce na sani? Kyauta na samu, fentinsa ba ya ɓarewa, na ɗaura. Itacen da ya fi ɗaukar kayanka, nan ka fi jifa, nan kifi yake. Ko bante ka rataya a nan zai ɗauka."

Wannan ƙarya ce, launi yana da muhimmanci. Amma ban yi gardama ba, don ya ajiye gorar, kuma dariyar ta bar fuskarsa.

Ya ce, "Efrain ya faɗa min abin da ka yi a tebur. Ni ka kira ni ɓarawo, mun saba. Yarinyar nan kuwa a hannuna aka zuba mata ruwa. Sau ɗaya na tambaye ta da wasa me take sa wa a fentin, ta ce in je in tambayi kifi."

Na kunna inji. Bai tashi ba sai a ja na biyar, yana tsaye yana kallona.

Laraba, 9 ga Afrilu

Yana iya yiwuwa dukansu biyu ne, itacen da kuma... A'a.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na shiga gari na sayo fenti kala shida masu tsada da sabon burushi, na ajiye a bakin ƙofar Nereida. Da yamma na same su a bakin ƙofata, an jera su daga babba zuwa ƙarami.

Na gwada da wasa. Na ce, "An kama ɓarawon, 'yata, ashe itace ne, an kai shi gaban alƙali." Ta ce, "To, Baba." Ta ci gaba da tsince wake.

Herminia ta ce, "Tsoho, a gaban mutum huɗu ka zubar da ita, kana so ka kwashe a bayan ƙofa?" Na ce ai wasa ne ya wuce gona. Ta ce shekara ashirin da takwas tana jin wasana, ta san ranar da ba wasa ba ne.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na je ikirarin zunubi a coci. Na ce wa Fada na yi wa wani mummunan zato. Ya ce wane ne? Na ce wani na kusa. Ta bayan labule ya ce, "Chencho, duk gari ya sani, faɗi sunanta." Ya ba ni addu'a uku kawai, ya ce sauran ba a wajensa ake biya ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Baudelio ya aiko. Ranar Lahadi da ƙarfe biyu za su zo neman auren, shi da matarsa da yayyensa biyu. Herminia ta gayyato ƙanwarta da mijin. Ta ce kowa zai zauna inda ya zauna rannan. Na ce ba sai an kai ga haka ba. Ta ce ta riga ta sayi naman.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na huɗu a allo, da ragowar tsofaffin da suke ƙasan akwati. Saura tara. Baƙon yau, wani likitan haƙori daga Monterrey, ya kama mai kilo huɗu, ya ɗauki hoto, muka sake ta. Ya tambayi sunan launin don ya nema a kanti. Na ce ba a kanti yake ba, na 'yata ne, ita ta gano shi, ni direba ne kawai. Haka bakina ya faɗa, zafin rana ne.

Da ya shiga cin abinci na zauna a jirgi na gwada maganar gobe. Jimla uku ce. Ta farko tana fita lafiya. A ta biyu sai wasa ya taso min har maƙogwaro, mai kyau kuwa, da kowa ya yi dariya. Herminia ta ce in na kuskura na sa mutum ɗaya ya yi murmushi, zan sake daga farko.

Ta goge min farar riga ta rataye a ƙofa. Nereida ta wuce ta ga wuyan bai kwanta ba, ta sauke ta sake gogewa, ta mayar.

Gobe ƙarfe biyu. A tsaye zan faɗa.