Jan Gashin da Ke Cikin Kafet

Kafanchan,
Jihar Kaduna.
Lahadi, 17 ga Agusta.

Zuwa ga Yayana Jamiluddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Rukayya da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da zaman lafiya a ƙasar mutane, Ya nuna mana ranar da za ka gama wannan karatu naka da ya ƙi ƙarewa. Mu nan sai godiya. Damina ta zauna sosai, yau kwana huɗu ba mu ga rana ba, wanki duk ya yi tsami a kan igiya. Kawu Abdu ya zo daga Zangon Kataf shekaranjiya, ya ce cittarsa ta yi ganye gwanin sha'awa. 'Yata Fatimatuzzahra'u ta shiga aji uku, ta kuma fasa haƙori a wurin guje-guje, yanzu idan ta yi dariya sai ka rantse Baba ne.

Yaya, sau uku kana tambayata a waya ko jakunkunan injin shara za ka aiko mana, ko kuwa sabon inji marar jaka, sau uku ina ce maka ba na jin ka sosai. Ka yafe mini, ina jin ka sarai. Inna ce take zaune a gefena kullum, kuma ka san kunnenta, ko motsin leɓe na yi sai ta tambayi abin da na ce. Shi ya sa da na ji abokinka Abubakar Siddiƙ zai koma Malesiya jibi, na ce gara in zauna in rubuta maka komai. Maganar ta wuce zaɓen inji. Numfashin Inna ne nake gani yana ƙwacewa a gabana, na kuma rasa yadda zan yi.

Ka san tun rasuwar Baba, shekara ɗaya da wata biyu ke nan, na dawo gida da zama wurinta da izinin maigidana, Baban Zahra'u. Da ta fita takaba sai ta kwashe shimfiɗarta da sallayarta ta koma falon Baba, nan take kwana, nan take wuni, a kan kafet ɗin nan ruwan ƙasa da ya girme ni. Asmarta ta tashi, likita ya ce ƙurar da ke kwance a cikinsa ce, tsintsiya kuma tayar da ita take yi kawai. Aka ce a cire shi, Inna ta ce sai dai a naɗe da ita. A nan ne ka aiko da injin nan mai jaka, da jakunkuna shida.

Gaskiya ba zan ci amanar wannan inji ba, ya yi mana rana. Abin da ya zuƙe ya zuƙe ke nan, babu mai sake ganinsa. In jakar ta cika sai in zare ta, in toshe bakinta, in kai bola in ƙone. Wata biyar Inna tana barci babu wannan shewar da ƙirjinta yake yi, har ta koma zuwa Islamiyya da ƙafarta. Aibinsa dai in jakar ta kusa cika ƙarfinsa raguwa yake yi, kuma jaka abu ne mai ƙarewa. Na zaga kasuwar nan kaf, na aika Jos, na aika Kaduna, kowa sai ya juya ta a hannu ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Sai na yi wayon da ya fi ƙarfina. Na zazzage ta ƙarshen a wutar bola na wanke, ta narke mini a hannu kamar burodin da ya faɗa shayi. Na kwashi ragowar na kai wa Dickson tela, ya auna, ya ɗinka mini wata da rigar filo, har da zif, yana ta yabon kansa. Ina kunnawa injin ya riƙa zuƙa ta gaba yana fesowa ta baya, falo ya koma kamar wurin niƙan citta. Kwana biyu Inna ta yi a asibiti saboda dabarata. Kada ka yi dariya, ni har yau kunya nake ji.

Maƙwabciyarmu Afiniki, nas ɗin nan 'yar Madakiya da ta kama gidan da ke jikin namu bayan tafiyarka, ita ta tausaya mana. Tana da nata injin marar jaka da ta saya a gwanjo, da shi take share gidanta, ranar Asabar kuma ta kai shi majami'arsu. Ta ce in riƙa ɗauka duk lokacin da aka kawo wuta. Shi babu ruwanka da neman jaka, ga ƙarfi, ƙurar tana taruwa ne a wata roba, ka cire ka zubar, ka wanke soson da ke tace iskar. Sai dai wurin zubarwar nan ƙurar a fuskarka take tashi, dole sai a waje, soson kuma a wannan damina sai ya kwana uku bai bushe ba. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ban kawo a raina ba shi ne robar garau take, ana ganin duk abin da ke ciki.

Wata ranar Talata da hantsi na gama sharar, na cire robar na ajiye a bakin ƙofa, na ruga kicin don miya tana kamawa. Da na dawo sai na tarar da Inna ta sa tabarau, ta ɗaga robar saitin haske tana juya ta a hankali. Na ce ta ajiye, ƙura ce. Ta yafito ni da hannu, ta nuna mini da farce. Yaya, gashi ne, gajeru, jajaye, a warwatse cikin ƙurar. Ka tuna Baba ranar Juma'a da safe, yadda yake zama a tsakiyar kafet ɗin nan da ƙaramin madubi da almakashi, ya shimfiɗa hankici a cinya yana gyara gemunsa da ya sha lalle? In ya gama sai ya ƙulle hankicin ya miƙa wa Inna, ita kuma ta je gindin gwaiba ta tona ta binne, don a gidanmu ba a zubar da gashin mutum a shara. Ashe abin da yake kauce wa hankicin nutsewa yake yi cikin kafet, shekara talatin da wani abu, inda tsintsiya ba ta kaiwa. Injin ne ya tono shi.

Ta ɗora robar a cinyarta. Can sai ta tambaye ni ina jakunkunan nan shida na injinka. Da ina da wayo da na yi mata ƙarya, amma bakina ya riga ni, na ce duk abin da ke cikinsu na ƙone a bola. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ba komai, ai ban sani ba ne. Ranar ko ruwan koko ba ta sha ba. Wallahi da marina ta yi da ya fi mini sauƙi, domin har yanzu in na wuce ta wajen bolar nan sai in ji kamar Baba na ƙone.

Tun daga ranar aiki ya samu. Duk sharar da na yi sai ta karɓi robar, ta juye a faifai, ta tankaɗe da rariya, ta bi da tsinke tana tsintar gashin ɗaya bayan ɗaya tana sawa a gwangwanin turaren Baba. Mai asma, Yaya, da fuskarta a kan faifan ƙura. Takunkumin da Afiniki ta ba ta sai ta sauke shi ƙasan haɓa, wai yana sa tabaraunta yin hazo. Kafin ta tashi ƙirjin ya fara kuka, leɓenta ya canza launi, ni kuma ina tsaye da abin shaƙa a hannu ina roƙonta kamar mai bara. A watan nan kaɗai sau uku muna kwasar ta zuwa asibiti a Keke.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na ce ta bari ni in tsince mata a tsakar gida, ta ce idona na yara ne amma ba ni da haƙuri, ina haɗa mata da zaren kafet. Kuma gaskiyarta ne, ita ko a tafin hannu ta murza ta san wanda yake nasa. Afiniki ta ce a yayyafa wa ƙurar ruwa kafin a juye, muka gwada, ta zama taɓo, gashi ya ɓace a ciki, Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarta. Na mayar da injin, Inna ta yafa mayafi ta je aro da kanta. Afiniki ta zo mini da hawaye, ta ce ita ba za ta iya kallon idon Mama ta hana ta ba, kuma ba za ta iya ba ta abin da zai kashe ta ba. Muka haɗa baki muka ce ya lalace. Washegari na dawo daga cefane na tarar da Inna a durƙushe, hancinta a jikin kafet, tana tsefe shi da matsefi. Wannan ya fi na injin muni sau goma. Da kaina na je na ce wa Afiniki injin ya gyaru.

Kawu Abdu ya kawo mata limamin unguwa. Malam ya yi mata nasiha mai daɗi, ya ce abin da ya faɗi ba da sani ba babu laifi a kan kowa, ranta kuma amana ne a hannunta. Ta sunkuyar da kai ta ce ta ji, ta gode, Allah Ya saka da alheri. Ko ƙofar gida bai kai ba ta jawo faifanta. In na ce to ta binne wanda ta tara mana, sai ta ce sai ya cika, ba za ta binne shi rabi da rabi ba. Yaushe zai cika? Kowace shara sai an samu, wani lokaci biyar, wani lokaci ashirin. Ni dai na gane ba binnewar ce a gabanta ba. Ranar da aka samu da yawa har hira take yi da ni, ta ci tuwo ta nemi ƙari. Tun rasuwarsa ban ga abin da ya sa ta murmushi ba sai wannan abin da yake cinye mata huhu.

Zuwanmu asibiti na ƙarshe likita ya ja ni gefe. Ya ce shi ya gama magana, ko kafet ya bar ɗakin, ko wata rana mu taso ba mu iso da ita ba. Kawu ya ce in naɗe shi tun tana kwance a can, in ta dawo ta yi fushinta ta huce. Na zo gida da niyyar haka, na janye kujeru, na kama kusurwa ɗaya na ɗaga. Sai ƙanshin ɗakin ya taso mini, turaren Baba da citta, na ga inda gwiwarsa ta cinye gashin kafet ɗin wajen da yake nafila. Na mayar da kusurwar na danne da ƙafa, na zauna na yi kukana, na mayar da kujeru yadda suke. Na ƙone Baba sau shida ban sani ba, na kasa yin na bakwai ina sane.

To ga amsar tambayarka, in amsa ce. In ka aiko da jakunkuna, ta riga ta gaya mini reza za ta sa ta farke su, kuma ƙurar wata guda a dunƙule ta fi ta kwana ɗaya illa. In ka aiko da marar jaka, ka ba ta nata na kanta ke nan, ba sai ta jira Afiniki ba. In ba ka aiko da komai ba, matsefi yana nan. Na juya abin nan ta kowace fuska har kaina yana ciwo. Kai take jin maganarka fiye da kowa, don Allah ka kira ta, amma kada ka tambaye ni abin da za ka ce mata, domin ban sani ba. Ban san ko raba ta da kafet ɗin ne zai fi saurin kai ta ba, ko barin ta da shi.

Ka gaishe mini da Anti Rukayya da kyau, ka ce mata na ga saƙon atamfa, Allah Ya bar zumunci. Ka shafa mini kan yara. Kawu Abdu yana gaishe ka, haka Baban Zahra'u, haka Afiniki, wadda ta ce kullum Mama tana cikin addu'arta. Fatimatuzzahra'u ta ce in gaya maka haƙorinta zai fito kafin ka dawo.

In ka zo buɗe ambulan ɗin nan ka kashe fanka tukuna. Akwai 'yar farar takarda a ninke a ciki. Jiya da Inna ta ji Abubakar Siddiƙ zai tafi, ta zauna tun safe har azahar a kan faifai, ta ce sababbi take so, ba na cikin gwangwani ba. Sau biyu ina sa mata abin shaƙa a baki kafin ta haɗa guda bakwai. Ta zaɓi mafi tsawo, ta goge su da gefen mayafinta, ta ninke da hannunta. Ta ce in gaya maka rabonka ne, tun da ba ka samu ganin fuskarsa ba, ba ka kuma zuba masa ƙasa ba. Ta ce ka nemi gindin bishiya mai kyau a can ka binne, ka yi masa addu'a. Na karɓa, na sa a cikin ambulan ɗin.

Zan tsaya a nan, Yaya. An kawo wuta yanzun nan, ga ta can tana kiran sunana in je in karɓo injin. Zan je.

Wassalam. Taka ƙanwa mai kewarka,
Maijidda.