Waken da Na Kai wa Hajiya

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Inna tana gaishe ki. Mu jiki lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Kin san Hajiya Larai, mai gidan abinci a Ɗanbatta, wadda nake koyon girki a wurinta. Ranar kasuwa wake ya yanke mana. Ni da son a yabe ni, na hau babur zuwa gida na ɗebo kwano uku a buhun Baba. Ban san ya zuba masa maganin ƙwari ba. Kullum Hajiya tana cewa, "Sa'a, shinshina wake kafin ki wanke." A ranar kuwa, sauri ya hana ni.

Cikin waɗanda suka ci waken, mutum bakwai aka kai asibiti. Wani dattijo mai sayar da awaki har yau bai tashi ba.

Da 'yan duba-gari suka zo rufe wurin, suka tambayi wanda ya dafa. Hajiya ta ce, "Tukunyata ce." Ko kallona ba ta yi ba.

Jiya ta aiko in je gidanta. Na ɗauka sallamata za ta yi. Sai ta ajiye kwanon wake a gabana, ta ce, "Shinshina."

Yaya, ki taya ni addu'a Allah ya tashi kafaɗun dattijon nan. Ki gaida su Ummi. In kun yi waya da Baba kada ki faɗa masa, har yanzu bai san daga buhunsa waken ya fito ba.

Ƙanwarki,
Sa'adatu