Wayar da ta bi ta taga

Zuwa ga Maman Obadiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin dawo daga aiki lafiya. Kina fita Abuja da duku-duku, ki dawo gari ya yi shiru, ni kuma kunya ta hana ni tare ki, shi ya sa na tura takardar nan ta ƙarƙashin ƙofa.

Ɗanki Khamis ya samu sauƙi. Yatsu biyu ne suka ƙone, kuma a asibiti sun ce wutar lantarkin ba ta taɓa masa komai a ciki ba. Faɗa ma suka yi mini don na shafa masa manja kafin mu je. Jiya ya ci tuwo da hannunsa.

Maganganun da maigidana Malam Haruna ya gaya miki a tsakar gida, har ya tsinke wayar wutar, don Allah ki yi haƙuri. Tsoro ne ya ruɗe shi. An ce wai kina neman ɗaki a Kurmin Sarki. Gaskiya ne?

Ki huta gajiya.
Maƙwabciyarki, Luba

Maman Khamis,

Na ga takardarki. Na gode wa Allah da yarona ya warke, tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Gaskiya ne, zan tashi. Ke kika roƙe ni in ba ku wuta daga janaretana ta taga, don firijin zoɓonki, ban ce a'a ba. Amma wa ya haɗa wayar? Mijinki. Ya murɗa bakunan biyu, ya naɗe da ledar fiya wata, kamar yadda kowa ke yi a nan Kwamba. Na ce ya sayo salatif, ya ce gobe. Goben ce ba ta zo ba har yaro ya kai hannu.

Sai ga shi a gaban 'yan haya yana cewa na shimfiɗa wa ɗansa tarko. Na yi shiru don kada in kunyata miki miji. Yanzu in na fito ɗiban ruwa, mata sai su ja 'ya'yansu gefe. Ni da na goya Khamis tun yana jariri!

Na gaji, Luba. Gajiyar hanya daban, ta gida daban. Ba zan iya duka biyun ba.

Ki gaida mai jiki.
Comfort

Maman Obadiya,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san da wane baki ba. Wallahi na san shi ya haɗa, ni na riƙe masa tocila ma. Na yi ta jira ya gyara maganarsa da kansa, amma kin san halin mutumin naki, gara ya haɗiye garwashi da ya ce ya yi kuskure.

Yau da safe mata sun taru a bakin rijiya, matar mai gidan haya tana cewa ai gara ki tafi kafin ki kashe wani. Raina ya ɓaci. Na ajiye guga na ce, “Baban yaron ne ya naɗe wayar da leda. Ita wuta kawai ta ba mu, kyauta.” Malam yana bakin ƙofa yana sa takalmi, ya ji komai. Abincin da na aje masa yana nan a rufe, bai taɓa ba.

Ban san abin da zai biyo baya ba, ni ma na gaji. Ɗanki kullum sai ya je ya daddaki ƙofarki da hannun mai lafiyar. Kada ki tafi.

Taki, Luba

Maman Khamis,

Sannu. Na san abin da wannan magana za ta jawo miki a ɗaki, kuma na gode. Da a ranar aka faɗe ta, da ban nemi ko'ina ba.

Motar kaya za ta zo ran Asabar, na riga na karɓi makulli. Juma'a zan dawo da wuri. Ki kawo mini yarona in duba yatsun da idona.

Allah ya ba mu alheri.
Comfort