Ko Numfashina ne Ke Sa Damtsena Tsatsa?

Anti Gumsu, ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni mai tuƙin tuwon biki ce a Moduganari, sama da shekara ashirin ina riƙe da muciya. Duk gidan da za a ɗora babbar tukunyar ndalayi, tuwon nan namu, ni ake aikowa a kira. Amma daga bara damtsena ya fara ba ni kunya. Kafin tuwo ya haɗu sai hannu ya mutu, washegari ko ɗaurin ɗankwali sai na yi da gaske.

Na kai kuka wurin maƙwabciyata Ketura, malamar kimiyya ce a sakandare. Ta ce tsoka idan tana aiki tana shan iskar da muke shaƙa, kuma iskar tana barin wani abu mai cin tsokar, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Anti, tun ranar maganar ke yawo a kaina. Wai iskar da ke raya mu ita ke cinye mu? To me ya hana manoman Konduga rubewa, su da ke haki tun safe?

Sai na yi dabarata. Na ce tunda iska ce matsalar, bari in rage ta. A wani suna da aka yi a Bolori na riƙa riƙe numfashi ina tuƙi. Jiri ya kwashe ni, saura kaɗan in kifa cikin tukunya, mata suka yi ta salati. Daga nan na sayo bitamin C da E, da na ji wai suna kare tsoka daga tsatsar, ina haɗiya bibbiyu, na kuma daina ko dakan yaji don in adana ƙarfi. Abin sai gaba yake yi.

Ga bikin 'yar aminiyata Hajja nan da wata guda, ta ce ba ta yarda kowa ya taɓa tukunyarta sai ni. Ina tsoron in ba ta kunya a gaban dangin ango, ina kuma tsoron a ce tawa ta ƙare. Ki faɗa mini, me ke faruwa a cikin hannun nan?

Mai Muciya, Moduganari

Mai Muciya, da farko ki saki numfashinki, don Allah. Na yi dariya, sannan gabana ya faɗi da na tuna tafasasshen talge.

Ketura ta faɗi gaskiya, rabi dai kika ɗauko. Tsoka mai aiki tana fitar da wasu ƙananan sinadarai masu zafi. Idan suka yi yawa, sukan rage mata ƙarfi ta gaji da wuri. Amma kaɗan daga cikinsu tsokar na bukata, su ne ke sanar da jiki cewa aiki ya ƙaru, ya ƙara gina kansa. Jiki kuma yana haɗa nasa masu kashe kaifinsu, kuma mai yawan motsi nasa sun fi yawa. Amsar manomanki ke nan. Riƙe numfashi kuwa yunwar iska yake sa wa tsoka, bai rage komai ba.

Bitamin ɗin ba guba ba ne, amma haɗiya da yawa kan iya toshe wancan saƙon, tsokar ta ƙi ƙaruwa. Zaman da kika yi ma ya ƙara sanyaya hannun. Ki koma daka da tuƙin gida, kaɗan-kaɗan kina ƙarawa. Ki nemi kariyar a kwano: zogale, yakuwa, gwaiba, tumatir, gyaɗa. Ki sha ruwa kafin ki zauna gaban murhu, ki samu barci. Ki je a auna miki jini da suga, domin gajiyar da ta sauya a shekara guda ba a barin ta haka.

Shekaru ma suna da nasu, ba zan ɓoye miki ba. Ki je wurin Hajja tun yanzu ki gaya mata kina son mata biyu masu karɓarki. Ke za ki yi ruɗe, ke za ki ce ya yi ko bai yi ba. Abin da take so a hannunki shi ne tuwon da ba gudaji, kuma wannan sanin bai gaji ba. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa a yi biki lafiya.

Anti Gumsu